Garejin tsofaffin motoci a Sakkwato: inda suka iya, da inda sai ka tsaya a kansu

A Sakkwato akwai gidaje da yawa da in ka leƙa bayan zaure ko ƙarƙashin dogon yaro za ka tarar da Peugeot 504 ta marigayi maigida, tayoyi sun sace, ƙura ta yi mata bargo, awaki sun mai da bonet wurin shan hantsi. Magada sun kasa sayarwa saboda kunya, sun kuma kasa gyarawa saboda ba su san hannun da za su miƙa wa ba, 'yan gwangwan kuwa kullum suna zagayowa da tayi. Garejin da wannan sharhi ya shafa irin waɗannan motoci ne abincinsa. Yana can ɓangaren Western Bypass, ba shi da allon suna, da kwatance ake zuwa. Rumfar kwano ce mai cin mota huɗu, da rami ɗaya na duba ƙasan mota, da ɗakin ajiya cike da kayan Fijo da aka ciro daga motocin da suka mutu. Maigidan dattijo ne da ya koyi aiki a zamanin da 504 ce motar gwamnati, motar haya da motar amarya. Abin da suke tallatawa hidima ce guda biyu: su tayar da motar da ta daɗe a kwance, su kuma sabunta maka takardunta ta hannun wakilinsu. Ta farkon sun iya ta. Ta biyun ce ke buƙatar dogon bayani.

Kafin a auna aikinsu sai an san ma'aunin, domin tsohuwar mota daban, motar tarihi daban. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 kuma ita ce uwar ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci a duniya, ta ɗora sharuɗɗa: motar ta kai shekara 30 ko fiye, a adana ta a kan yanayinta na asali, kuma kada ta zama abin hawan yau da kullum. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 kan binciken lafiyar motoci ta ɗauki shekara 30 ɗin, ta ƙara da cewa an daina ƙera irinta, kuma ba a yi wa manyan sassanta babban sauyi ba. Daga nan kowace ƙasa ta yi nata. Jamus tun 1997 take ba da lamba mai harafin H a ƙarshe, da harajin shekara guda ɗaya na Yuro 191.73 komai girman injin, kuma mai wannan lamba yana shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi. Faransa tana da takardar rajista ta musamman, wadda ke mai da binciken mota daga kowace shekara 2 zuwa kowace shekara 5. Ingila ta fi tsawaita zare, shekara 40 take nema, amma in mota ta kai an yafe mata harajin hanya, tun Mayu 2018 an yafe mata binciken shekara-shekara matuƙar ba a yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba, kuma ba ta biyan Fam 12.50 na kullum da ake karɓa kan motoci masu hayaƙi a Landan. Amurka kuma mota mai shekara 25 tana shiga ƙasar ba tare da an tilasta mata cika ƙa'idojin kariya na sababbin motoci ba.

Abin lura a duk waɗannan shi ne shekaru kaɗai ba sa wadatarwa. A nan ne masu 504 ke yawan ruɗewa. Samfurin ya fito a Faransa a 1968, amma masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da shi har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan 504 ta 1978 da 504 ta 2003 kamanninsu ɗaya daga nesa, amma ɗaya ta daɗe da cika sharaɗin, ɗayar kuwa sai 2033. Haka wadda ake lodin albasa da ita daga Gada ko Kware kowace ranar kasuwa, komai tsufanta, motar aiki ce, kuma ba laifi ba ne. Maigidan garejin ya san bambancin shekarun nan da ido: daga fitilu, dashbod, kujeru, da ko ƙafar baya mai zaman kanta ce ko doguwar sanda ce guda. Wannan ilimi ne da ba kowane gareji ke da shi ba, kuma shi ne dalili na farko na zuwa wurinsu tun kafin ka sayi mota, ba bayan ka saya ba.

A Najeriya kuwa babu wani rukuni na motar tarihi a rajista. A idon doka Peugeot 404 ta 1976 da Corolla ta bara duk mota ce: lasisin mota na shekara, takardar lafiyar mota daga VIO, inshora, shaidar mallaka, lamba. Ba rangwame, ba lamba ta musamman. Dokar kayan tarihi ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa hankalinta na kan kayan gargajiya na gida, irin waɗanda aka yi kafin 1918, ba kan motoci ba. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas saboda abin da ya faru a cikinta, ba don wata doka ta ware motoci masu shekaru ba. Wannan na nufin babu jami'in da zai hana makanike ɓata asalin motarka. Kai ne za ka hana.

Yadda suke tayar da motar da ta kwanta

A nan garejin ya cancanci yabo. Yawancin yara makanikai in aka kai musu motar da ta shekara goma ba ta motsa ba, batir za su ɗaura su murɗa makulli, su ga ko za ta amsa. Wannan kaɗai na iya karya ringin da ya manne ko ya kankare bangon silinda. A nan ba a yin haka. Suna cire fulogi huɗun, su zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, su bar shi kwana biyu, sannan su juya injin da sifana a hankali daga gaba. Sai ya zagaya sumul ake maganar batir. Tanki ana sauke shi gaba ɗaya, domin tsohon fetur yakan koma kamar ƙaro ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto. Suna duba bututun iska saboda gidan zanzaro, suna bin wayoyi saboda ɓera. Bayan ta tashi suna auna matsin kowace silinda, abin da ake so shi ne kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kashi 10 cikin 100. Ka nemi a rubuta maka lambobin huɗu a takarda. Suna da agogon awon, amma ba sa rubutawa sai an tambaya.

Injin 504 na fetur, ko mai 1,796 cc ko mai 1,971 cc, yana da wata ɗabi'a da ke kayar da wanda bai san shi ba. Silindojinsa hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye, kan injin ne ke danne su. In aka cire kan injin sannan wani ya juya karanshaf ba tare da an ɗaure hannayen rigar ba, sai su ɗaga, abin toshewar da ke gindinsu ya saki, ruwa ya fara gangarawa cikin baƙin mai. Mai mota ba zai sani ba sai bayan mako biyu ya ga mai ya koma kalar shayi da madara. A wannan gareji suna da ƙarafan ɗaurewa da suka ƙera da kansu, kuma ba a cire kai sai an sa su. Suna kuma sane da cewa a Peugeot silinda ta 1 ita ce ta wajen giyabos, ba ta wajen lagireto ba, kuskuren da ke sa baƙon makanike ya jera wayoyin fulogi a birkice. Tsarin wutar 1-3-4-2 ne. Tazarar bawul ana saita ta injin na sanyi, 0.10 milimita na shigar mai, 0.25 na fitar hayaƙi, kwantak 0.40, fulogi 0.6. Maigidan da ma'aunin tazara yake yi. Yaransa kuwa wani lokaci da kunne suke yi, don haka in aikin bawul ne ka nemi shi da kansa. Bayan canjin gasket suna ce wa mai mota ya dawo bayan kilomita 1,000 na farko a sake ɗaure kusoshin kai a sake saita bawul, kuma ba sa karɓar kuɗi a kan wannan. Wanda ya ƙi dawowa shi ne ke ƙona gasket na biyu a hanyar Gusau.

Ga mai 404 akwai wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. Giyar ƙafar baya ta salun ɗin ba irin ta sauran motoci ba ce, dunƙulen ƙarfe ne mai murɗiya ke juya faifan tagulla. Man giya na yau da kullum mai sinadarin jure matsi yana cin tagulla a hankali, sai ƙafar ta fara kuka, daga nan haƙora su sirance. Faifan kuma ba a samunsa a shago. Garejin ya san wannan, yana ware man da ya dace da tagulla. Wannan sani kaɗai ya isa ya biya kuɗin zuwa.

Inda na saɓa da su shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwan injin daga zuwa lagireto har sai ya ɗumama. Kamar kusan kowane gareji a Arewa, in mota ta fara zafi abu na farko da hannunsu ke kaiwa shi ne cire shi a jefar. Hujjarsu ita ce zafin Sakkwato, wanda a Afrilu da Mayu yakan haura 40 a ma'aunin Salshiyos. Amma tamostat mai lafiya in injin ya yi zafi buɗe yake gaba ɗaya, ba shi ke kawo zafin ba. Abin da ke kawo shi lagireto ne da ya toshe da farar ƙasar ruwan rijiya, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, ko fanka mai kama da maganaɗisu da ta daina kamawa, ko wutar injin da ta yi jinkiri. Cire tamostat ɓoye cutar yake yi, sannan da asubahin hunturu injin ya daɗe bai ɗumama ba, fetur ya riƙa wanke mai daga bangon silinda. Ka dage a sa sabo, a buɗe lagireto a zura kowane bututu ko a canza cikinsa, a zuba tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ɗin ba) haɗe da ruwan kariya na kanti. Kan injin na alminiyom ne, ruwan famfo zalla yana cinye shi daga ciki. Za su yi in ka ce, amma sai ka ce.

Birki suna yin sa yadda ya kamata: sababbin robobi a babban famfo da na ƙafafu, sababbin bututun roba guda-guda, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a sa sabon man birki DOT 4. Su dai ba sa tuna wa mutum cewa man birki na shan danshi, ana canza shi kowace shekara 2 ko motar ba ta fita ba. Baƙin mai 20W-50 suke sa wa, kusan lita 4, kuma daidai ne ga tsohon injin a wannan zafi. Suna ƙara matatar fetur ta roba kafin famfon mai, wadda ba ta asali ba ce amma duk mai shan man bumburutu a hanyar Illela zai gode mata, kuma ana cire ta cikin minti biyu.

Wannan batu na abin da ake iya cirewa shi ne ginshiƙin Yarjejeniyar Turin kan adana tsofaffin motoci, wadda FIVA ta fara aiki da ita a 2013: in dole a yi sauyi, a yi wanda za a iya mayarwa, a kuma rubuta shi. Da wannan ma'auni garejin ya faɗi a wurare uku.

Na farko shi ne injin. In suka ga kayan gyara za su yi wuya, shawararsu ta farko ita ce a sauke injin a ɗora na Beljiyam, wani lokaci ma na Toyota ko Nissan, a yanke maɗaurai a yi walda. Ga motar kasuwa shawara ce mai ma'ana. Ga motar da kake so ta riƙe darajarta, wannan ne ainihin abin da dokokin Turai ke kira babban sauyi, kuma ko a nan gida yana da illa: lambar injin tana cikin takardun motar, in ta saɓa da abin da ke ƙarƙashin bonet dole a sanar da ofishin lasisi a gyara, in ba haka ba kowane shingen bincike sai ka yi bayani. Injin Peugeot na wancan zamani da wuya ya mutu mutuwar da ba ta gyaruwa, tunda hannayen riga, fistin da ringi saiti guda ake sayarwa a canza. In kuma dole ne a sauke shi, kada ka bar shi a garejin. Ka ce, "Maigida, duk abin da aka cire, ko kusa ce, a tara mini a buhu." Ka ɗauke shi ranar. Abin da ya kwana a ɗakin ajiyarsu yakan tashi a motar wani, ba da mugun nufi ba, haka tsarin wurin yake. Haka batun mai da mota ta gas, wanda ya yi kasuwa tun cire tallafin fetur a Mayu 2023: tukunya a but da huda bodi ba abin da za a yi wa 404 mai fita sau biyu a wata ba ne.

Na biyu shi ne fenti, kuma nan ne gyaran gangar auzinawa. Ba su da ɗakin feshi, wani mai fenti suke kira ya yi a fili. In aka yi cikin hunturu ƙura na zama a jiki tun bai bushe ba. Lotsawa ba a buga ta ta fito, sai a cike da foti mai kauri, wanda rana ke fasawa cikin shekara ɗaya. Ɗan maganaɗisu a aljihu zai nuna maka duk inda aka cika, domin ba ya kamawa a wurin. Mafi muni shi ne fesa fenti a kan farantin masana'anta da ke cikin ɗakin injin, ko goge lambar shasi da takardar yashi don a tsabtace. Lambar da aka goga kama take da lambar da aka sauya, kuma ɗan sanda ba zai karɓi labarin mai fenti ba. A rufe farantin da lambar da salatif kafin a fara, a ɗauki hotonsu. Sannan ka tambayi kanka ko motar ma tana buƙatar fenti. Busasshiyar iskar Sakkwato ta yi wa motocinmu gatan da na Legas da Fatakwal ba su samu ba: ƙasan mota da ƙofofi sukan kai shekara 40 ba tsatsa. Abin da rana ke ci shi ne dashbod, robobin gilashi da saman fenti. Fentin asali da ya dushe sau da yawa goge shi kawai yake so, kuma a wurin masana ya fi sabo daraja. In ka canza launi kuma, shi ma sai an sanar da ofishin lasisi.

Na uku wayarin ne. Mai wayarin da suke aiki da shi yana da sauri, amma fis in ya ƙone waya yake naɗawa, haɗi kuma murɗawa da salatif. Wayoyin Peugeot na da lambobi a jikinsu da ke nuna inda kowace ta nufa. In aka yanke aka maye da jar waya iri ɗaya ko'ina, wanda zai zo bayansa sai duba. Mota mai tsohon bututun fetur da fis na waya, gobara ce ke jiran rana.

Ban da Peugeot, hannunsu ya bambanta. Volkswagen mai ƙirar kunkuru, wadda aka haɗa a Legas daga 1975, suna yi mata aikin yau da kullum daidai: bawul 0.15, mai lita 2.5, wanke ragar mai tunda ba ta da filta, canji kowane kilomita 5,000. Amma ba su ɗauki gwangwanayen da ke kewaye injin da robar da ke rufe ɗakinsa da muhimmanci ba, alhali injin da iska ke sanyayawa in waɗannan suka ɓace iskar salansa mai zafi yake sake shaƙa. Land Rover mai injin fetur 2.25 kansa na baƙin ƙarfe ne, an yi shi don fetur mai dalma wanda aka daina sayarwa tun farkon shekarun 2000, don haka in za a riƙa doguwar tafiya da ita wuraren zaman bawul na hayaƙi na son a sa musu zobe mai tauri; wannan aikin injiniyoyin lada ne, garejin aikawa yake yi. Mercedes 200 mai kafireto suna taɓawa. 230E mai allurar fetur kuwa kada ka bari su buɗe mata rabon mai, ba su da agogon auna matsinsa, lalube za a yi.

Takardu

Hidimar sabunta takardu ita ce rabin da ba zan ba kowa shawarar ya miƙa ido rufe ba. Wakilin nasu yana kawo takarda cikin sauri, amma saurin ne abin tsoro. Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1980 lambar shasinsu ba ta kai haruffa 17 na zamani ba, kuma wakili marar haƙuri in kwamfuta ta nemi cikon sai ya ƙara sifiri ko ya ƙirƙiri haruffa. Daga ranar takardarka da motarka sun rabu. Shekarar ƙira ma sukan sa abin da ya zo baki. Tunda ba mu da rajistar motocin tarihi, waɗannan takardu su ne kaɗai shaidar shekarun motar, don haka ka je ofishin lasisi da ƙafarka, da hoton farantin masana'anta, ka karanta kowane harafi kafin a buga. Inshorar ɓangare na uku tun 1 ga Janairu 2023 Naira 15,000 ce ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3. Duk wanda ya kawo maka ta a ƙasa da haka ka duba lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshorar motoci na ƙasa, kafin ka biya. Ka kuma sani cewa ita motar wani take biya, ba taka ba.

Motar gado tana buƙatar takardar rabon gado daga kotu ko rubutacciyar yardar magada kafin canjin suna. Wadda aka saya a gwanjon gwamnati, takardar gwanjon ita ce tushenta. In takardun asali sun ɓace, rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda ake fara yi. Tsohon littafin rajista, rasit ɗin dila, tsohuwar lamba mai SO, duk kada a yar, kada kuma a ba wakili na asali, kwafi ya ishe shi. Ba a hawa titi da tsohuwar lamba, amma a cikin fayil tana da daraja fiye da sabon fenti.

Akwai dokoki biyu da garejin ba ya faɗa wa abokan ciniki, kuma ya kamata ya faɗa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma ƙa'idojin hanya na ƙasa sun hana rajista da tuƙa mota mai sitiyari a dama. Abin takaicin shi ne motocin da suka fi kowace tarihi a ƙasar nan, na zamanin Sardauna da na farkon Jihar Arewa maso Yamma, da sitiyarin dama suka zo. Garejin zai ce maka yana iya juya shi, kuma yana iyawa, amma sai an yanke dashbod, an huda bangon injin, an sauya akwatin sitiyari da fedoji. Garin neman gira a rasa ido. Irin wannan mota gara a bar ta yadda take, a ɗauke ta a bayan babbar mota in za a kai ta wurin nuni. Ta biyu ita ce shigo da mota. Jerin kayan da kwastan ta haramta ya haɗa da motocin da suka wuce wasu shekaru da ƙira, an daɗe a kan 15 kafin a rage zuwa 12, wato duk motar da Turai ke kira ta tarihi a nan ta ninka iyakar fiye da sau biyu. Tun 1 ga Janairu 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Don haka in aka nuna maka a-kori-kura 404 mai kyau a Birnin Ƙonni aka ce za a tsallako maka da ita ta Illela a yi mata takarda daga baya, ka san kwastan na iya kama ta ko bayan shekaru. Kayan gyara daban ne, kuma ta wannan hanya garejin ke samun fitilu, gilasai da robobin da suka ƙare a kasuwannin Kano da Kaduna.

Sauran abin da jami'an kiyaye haɗurra ke nema bai san tsufa ba. Bel ɗin kujera tun 2003 ake kama mutane a kansa, kuma tsofaffin 404 da yawa ba su da shi. Garejin na sa wa, amma ka tabbatar an ɗaure shi da faranti mai kauri a bayan ƙarfen, ba a huda falen bodi kawai a sa noti ba. Abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku, safaya. Taya kuma ana duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Motar da ba ta yawan fita tayarta ba ta cinyewa, tsagewa take yi, sai ka ga zane cif amma gefe duk ya farfashe.

Kan kuɗi, ba sa ba da jimilla a rubuce, kuma aikin da aka ce wata ɗaya yakan ci uku, domin motocin haya masu biya yau-yau su ake fara sallama. Hanyar da ta fi aiki ita ce a raba aikin kashi-kashi, injin, birki, ruwa, wuta, a biya kowane bayan an gama an gwada, kayan gyara kuma ka saya da kanka tare da yaron garejin, musamman kwantak, kwandensa da gasket, inda jabu ya fi yawa. Kada ka ba da kuɗin fenti tare da na injin. Gwajin ƙarshe kada ya tsaya a zagayen unguwa: a fita da ita da rana tsaka zuwa Bodinga ko Dange a dawo, a bar ta tana aiki a tsaye minti 15, a duba allurar zafi, a leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗigo, washegari da safe a zare sandar mai a duba launinsa kafin a biya cikon.